Neman kalma: abin nan da ke yawo a sararin samaniya, me za mu kira shi?

'Yar Gumel: Assalamu alaikum jama'ar gida. Agaji nake nema kafin Alhamis. Na rubuta ƙagaggen labari irin na kimiyya, za a fara karanta shi a wani gidan rediyo nan Jigawa ranar Asabar da daddare. Labarin wani gingimemen abu ne da masana suka hango ya nufo duniya, saura wata bakwai ya faɗo, lissafi kuma ya nuna tsakanin Haɗeja da Nguru zai sauka. Daga nan sai rigimar mutanen wani ƙauye: wa zai tashi, wa zai ce ba ya barin gonar gado, wa zai karyar da shanunsa a kasuwar Maigatari. Sunan abin ne ya tsaya mini a wuya. Turawa na ce masa astaroyid. Na yi ta rubuta "wani ƙaton dutse daga sararin samaniya", mai karantawa ta ce numfashinta na ƙarewa. Ina son kalma gajera, wadda tsohuwa mai sauraro a tsakar gida za ta gane ba sai ta tambayi jika ba.

Direban Haɗeja: Wa alaikumus salam. Hajiya ai tauraruwa mai wutsiya ce, mene ne na wahala? Kuma don Allah ki matsar da shi gaba, mu ambaliya ma ta ishe mu.

Malamin Kimiyya, Ringim: Direba, ba ita ba ce. Mai wutsiya curin ƙanƙara ce da ƙura, in ta matso kusa da rana sai ta fara narkewa, tururin da ƙurar su ja mata wutsiya. Irin wadda aka gani a 1986, za ta dawo 2061 ga mai tsawon rai. Na Malama kuwa dutse ne ko ƙarfe, ba wutsiya, yawancinsu suna kewaya rana tsakanin duniyar Mas da Jufita. Malama, abu uku za ki raba: dutsen yana can sama yana tafiya, hasken da yake yi in ya shigo iskar duniya yana ƙonewa, da ɓantaren da ya tsira ya faɗo ƙasa. Na farkon ni zan ce "dutsen samaniya".

Uwar Biyu: Me zai hana gatarin aradu? Kakata tana da ɗaya a ƙasan gado, baƙi sumul, ta ce daga sama ya faɗo.

Malamin Kimiyya, Ringim: Anti, wannan gatarin mutanen dā ne suka wasa shi da hannu, ruwa ke tono shi a gona. In aka sa shi a labarin, mai sauraro zai ɗauka tsawa ce za ta faɗo, ya zauna jiran hadari.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, kada ki bari a yi miki sakaci da harshe. "Dutsen samaniya" bayani ne, ba suna ba ne, yaro ɗan aji uku ma zai iya haɗa shi. Suna sai ya kasance da gishiri. Tunda akwai mai wutsiya, wannan kuma ɗan uwanta ne da aka haifa ba wutsiya, sunansa ƘUNDUMIN TAURARO. Na daɗe da ƙirƙiro wannan kalma ina jiran ranar da za a neme ta. Hausa ce tsantsa, ba aro, ba ciko.

Direban Haɗeja: Baba, mu a tasha ƙundumi shayi ne ba madara. In aka ce ƙundumin tauraro ya nufo Haɗeja, wallahi da kofi za mu fito.

Uwar Biyu: Kuma Baba ƙundumi ai marar ƙaho ne, ba marar wutsiya ba.

Tsohon Hedimasta: Ke za ki koya mini ƙundumi? Ma'ana faɗaɗa take yi. Kumbo da kuke cewa na Amurka ya je wata a 1969, asalinsa ba mazubi ba ne? Wa ya yi gardama? Tauraron ɗan'adam fa, tauraro ne na gaske? Amma ga shi ya zauna daram.

Malam Mai Almajirai: Allah ya gafarta Hedimasta, ina da magana. Kuna ta laluben abin da ke cikin aljihunku. Alƙur'ani ya ambaci shihabu, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya ji kalmar. Larabawan yau kuma suna cewa kuwaikib, wato ɗan ƙaramin kaukabu, tauraro ke nan. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro daga Larabci ba. Shi kansa littafin da Malama ta rubuta, da alƙalamin, da labarin, daga ina sunayensu suka zo?

Malamin Kimiyya, Ringim: Allah gafarta Malam, shihabu ya dace da abu na biyu, wato hasken da ke tsaga sama da dare, wanda mutanenmu ke cewa tauraro ya faɗi. Amma ina jin tsoron a sa shi a labarin halaka. Mutane sun san shi da jifan shaiɗanu, in aka ce shihabu zai rushe gari, za a bar labarin a koma tafsiri, a bugo wa gidan rediyo waya har gari ya waye. Kuwaikib kuwa, gwada faɗinsa sau uku a jere.

Tsohon Hedimasta: Ka ji ko. Larabci ya faɗi, saura nawa.

Malam Mai Almajirai: Bai faɗi ba. 'Yan boko ne dai in kalma ta fito daga zaure sai su ga kamar ta sha ƙura. Da daga jami'a ta fito da tuni kun sa mata hula.

Ɗalibar Hausa: Baba Malam, a yi mana adalci. Ƙamusun da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 cike yake da kalmomin da asalinsu Larabci ne, ba wanda ya kore su. Ni damuwata da "tauraro" ce, ta Baba Hedimasta. Ita kanta kalmar Turawan ma'anarta mai kama da tauraro, an raɗa ta ne farkon ƙarni na 19 saboda a madubin hangen nesa na lokacin ɗigon haske kawai suke gani. Yanzu an san duwatsu ne. Don me za mu ɗauko kuskuren da su suka riga suka gane?

Tsohon Hedimasta: Saboda ku mutanen birni kun ɗauka Hausa a cikin badala aka binne cibiyarta. In kalma ta fito daga Ɗambatta sai an kai ta jami'a an buga mata hatimi.

Direban Haɗeja: Baba kai ma ai Bakano ne. Mu 'yan Jigawa da aka yanke daga Kano a 1991 mu ya kamata mu yi wannan kukan.

'Yar Gumel: Iyayena, Alhamis fa na ce, ba bayan Sallah ba. Malam na Ringim, ka ba ni girman abin, wataƙila shi zai raba gardama. Nawa a labarin na ce faɗinsa ya kai rabin kilomita.

Malamin Kimiyya, Ringim: To Malama, rabin kilomita ba na ƙauye ɗaya ba ne, gudu zuwa Kano ma ba lallai ya fisshe su ba. Duba ki gani. Wanda ya fashe a saman Celiyabinsik ta Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013 bai fi mita 20 ba, amma mutum wajen 1,500 suka jikkata, yawancinsu gilashin taga ne ya yanke su, don sun ga haske sun taso leƙe, ƙarar ta iso daga baya. Na Tunguska a Saberiya, 30 ga Yuni 1908, ya kwantar da daji sama da murabba'in kilomita 2,000, ko rami bai bari ba, a iska ya tarwatse. Wanda ya faɗa yankin Yukatan na Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce ya kai kilomita 10, ƙurarsa ta rufe rana, tsirrai suka mutu, manyan dabbobin zamanin suka bi su. In kina son ƙauyenki su sami abin yin gardama a kai, rage shi zuwa mita 60 ko 70. Ɓarnar duk daga gudu take, don abin na shigowa da kusan kilomita 20 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa nake son kalmar ta ɗauki "dutse", mai sauraro ya ji nauyi.

Uwar Biyu: Innalillahi. Ana iya tare shi kuwa?

Malamin Kimiyya, Ringim: An gwada. A Satumbar 2022 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa wani kumbo ya yi karo da ɗaya da gangan, lokacin zagayensa ya sauya da kusan rabin awa. Amma irin wannan na son a hango da shekaru, wata bakwai ya yi kaɗan. Kuma kada a ɗauka abin na ƙasashen Turawa ne kawai. A Oktoban 1962 wani ɓantare mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, dab da wani manomi a gonarsa, bincike ya nuna daga duniyar Mas ya ɓalle.

Tsohon Hedimasta: Da an tambayi manomin nan abin da ya gani, na tabbata ba zai ce "dutsen samaniya" ba.

Ɗalibar Hausa: Ƙundumi ma ba zai ce ba, Baba. Cewa zai yi dutse ya faɗo daga sama.

'Yar Gumel: To ga abin da na yanke, kowa ya yi haƙuri. Mai ba da labari da masana za su ce dutsen samaniya, in an saba da shi a babi na biyu sai a riƙa cewa Dutsen kawai. Mai wutsiya ta zauna da sunanta. Shihabu zan sa shi a bakin limamin ƙauyen, daren da aka fara ganin ƙananan suna zuba. Ƙundumin tauraro kuma akwai wani dattijo a labarin da ya rantse ba zai bar gidansa ba, shi zan ba wa, ya yi ta faɗa ana yi masa dariya. Na kuma rage girman zuwa mita 70.

Tsohon Hedimasta: Wato ni ne dattijon. Ba komai. Ki dai rubuta shi da ƙa mai lanƙwasa, kuma kada ki kashe shi a babi na uku.

Malam Mai Almajirai: Ban gamsu ba, amma tunda liman ya samu, na yi shiru.

'Yar Gumel: Na gode ƙwarai. Saura ramin da yake bari in ya daki ƙasa, irin na tafkin Bosumtuwi a Gana. "Rami" ya yi ƙanƙanta, "kwari" kuma kamar na noman rani. Wannan sai babi na tara, akwai sauran lokaci.

Tsohon Hedimasta: Ina da kalmarsa ita ma.