Ƙudan zumana sun ƙi cin garin waken suya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon zuma. Amya 6 gare ni a bayan gari. Tunda ɗorawa da kaɗanya suka gama fure, damina ta kankama, ƙudan suka ragu, sarauniya ma ta rage ƙwai.

Ina ba su ruwan sukari, kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa. Suna sha, amma kwana 3 ya yi tsami. Abin da ya fi damuna shi ne garin waken suya da na kwaɓa da sukari a madadin garin fure (ƙurar da suke kwasowa daga furanni su ci): ko taɓawa ba su yi ba, sai fumfuna da ƙananan baƙaƙen ƙwari.

Soya waken ya kamata in yi tukuna, ko busasshe zan ajiye musu a waje? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka min, amya 2 sun kusa ƙaura.