Amai na neman raba ni da tuƙin jirgi, in ci gaba ko in haƙura?

Bagobiri: Salamu alaikum 'yan uwa. Na fara koyon tuƙin ƙaramin jirgi, Cessna 172, yanzu ina Sakkwato hutu. Da mun tashi malam ya fara nuna mini yadda ake karkata jirgi, sai gumi mai sanyi, yawu ya cika mini baki, sai amai. A mota ban taɓa yi ba, ko a hanyar Gusau. Ƙarshen wata za a biya kaso na biyu na kuɗin makaranta, kuma filin Baba na Arkilla za a sayar. In ci gaba, ko in tsaya tun ba a sayar ba?

Hajiyar Mabera: Ɗana, sayi Avomine. Shi na sha da munka tahi Hajji, har Jidda ban san inda kaina yake ba.

Tsohon ɗalibin Zariya: Hajiya ki yi haƙuri, ke fasinja ce, shi kuwa tuƙi zai yi. Maganin nan barci yake sawa. Ƙanena, kada ka haɗiye komai sai ka tambayi likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi. Abin da ke damunka saɓani ne tsakanin ido da cikin kunne: kunne ya ji an karkata, ido yana kan allon agogunan jirgi bai ga motsi ba. Ɗaga kai ka dubi can inda sama ta haɗu da ƙasa, ka buɗe hujin iska, ka rage waige-waige. Ka roƙi malam ya riƙa ba ka sitiyari, mai tuƙi bai cika jin abin ba. Kuma ƙarfe nawa kuke tashi? Bayan azahar ƙasa ta ɗau zafi, iska na tasowa tana wurgi da ƙaramin jirgi. Nemi na sassafe, gajere, ranaku a jere. Yawanci jiki na sabawa.

Ɗan Runjin Sambo: Ku bar yaudarar yaro. Amai ne matsala? Ni na yi aman, na saba, na gama, lasisi na cikin durowa. Fadamar mahaifinmu anka sayar. Makarantar ta ce wata goma sha takwas, munka kwashe shekaru, yau babu mai, gobe jirgi ya lalace, kuma kowace awa dala 200. Na fito, kamfanoni sunka ce sai na biya horon irin jirginsu da kuɗina. Yau siminti nake sayarwa. 'Yan uwana har yanzu ba su yafe mini fadamar nan ba.

Abban Yusra: Allah ya musanya maka. Amma dala 200 ta yi yawa, abin da ƙanen matata ya biya a Afirka ta Kudu bai kai 150 ba.

Ɗan Runjin Sambo: Da malami ko ba malami? Ka tambaye shi.

Omo Ilorin: Bagobiri a sama? Jaki ya saba hawa shi ya sa. Ka zo Ilorin wurin iyayen gidanka mu koya maka.

Bagobiri: Bawana, ka bari in warke tukuna. Yaya na Zariya, darasina duk na ƙarfe biyu ne, kuma ba na cin komai don tsoro.

Tsohon ɗalibin Zariya: To ka gani. Cikin da babu komai ya fi tashi. Ci abu kaɗan mara maiƙo, ka sha ruwa, wasu citta na yi musu aiki. Kafin a taɓa filin nan, yi 'yan darussan safe ka gani.

Ɗan Runjin Sambo: Kai da kake ba da shawara, wane jirgi kake tuƙawa yanzu?

Tsohon ɗalibin Zariya: Tambayar amai ya yi, ita na amsa.

Hajiyar Mabera: Ni dai a bar filin marayan gobe. Mi ya hana gwamnati ɗaukar nauyin irin waɗanga yara?

Abban Yusra: Hajiya, sai wanda ya san wani. Kuma su matuƙan ma ina amfaninsu gare mu? Lokacin hazon bara kwana biyu ina zarya filin jirgi, a ƙarshe anka soke tashin, kuɗin tikitina har yau shiru.

Ɗan Runjin Sambo: Wane kamfani ne? Ni ma suna riƙe da nawa tun azumi.