Tela ne ni, ina son fara layif daga shago amma bakina na sarƙewa

Telan Bolari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a Gombe, shagona na Bolari, shekara 9 ke nan ina ɗinkin maza: kaftani, jamfa, har babbar riga in an kawo. Mu uku ne a shagon, ni da yarana biyu. Kowa ya san halin sana'armu. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren sallah ba ma runtsawa, ana sauke layya kuma sai ka wuni kana korar ƙuda, in ka ga an shigo to faci ne ko rage tsawon wando.

Ƙanwata ce ta matsa min in riƙa hawa layif, wato bidiyon kai tsaye, wai yanzu kasuwa ta koma cikin waya. Asabar ɗin da ta wuce na gwada a Facebook bayan isha'i. Na kafa sabuwar hula, na jingina waya da gwangwanin maɓallai, na danna. Jama'a, wallahi sallama kaɗai na iya yi. Ina da i'ina tun ina yaro, ba mai tsanani ba ce, in muna hira da wanda na saba da shi ba zai ma lura ba. Amma da na ga fuskata ta cika waya sai "barkanku" ta maƙale a leɓena ta ƙi fita. Mutum 4 ke kallo: ƙanwata, yarona da ke zaune a gabana, sai wasu biyu da ban sani ba. Ɗayansu ya rubuta, "malam yi magana mana." Minti 6 na kashe abin, zufa har ta jiƙa min singileti.

Waɗanda suka saba, ya ake cire wannan tsoron? Kuma tsakani da Allah ana samun kuɗi ko asarar data ce kawai? Yarona ya ishe ni da labarin wai a TikTok ana jefa wa mutum zaki ya wayi gari ya sayi mashin. Ni dai ba rawa zan yi ba, ba kuma roƙo ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma surukina ne ke jan mu salla a unguwa.

Mai Atamfar Wunti ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi dariya da na karanta, ba don raini ba, ranar farkona na tuna. A Bauchi nake, ina saro atamfa da leshi daga Kantin Kwari a Kano. Da ina kai wa wata 'yar'uwa tana sayar min a Wunti, yanzu daga falona nake kasuwancina. Shekara biyu ke nan ina layif, kuma har yau masu kallona ba su san kamannina ba. Sharaɗin da muka yi da maigidana ke nan: hannuna da muryata kawai.

Kuskurenka guda ne, ka juya kamara tana kallonka. Kai ba mai karanta labaran duniya ba ne da za ka kafa hula ka zauna kana jiran magana ta zo. Ka yi amfani da kamarar baya, ka saita ta a kan teburin yanka. Shimfiɗa shadda, ja alli, sa almakashi. Ai hannunka ba ya i'ina. Mutane na son kallon wanda ya iya aikinsa, ko wankin hula ne sai ka ga an tsaya ana kallo. Maganar kuma su za su kawo maka ita: nawa ne ɗinkin, yadi nawa zai ishi dogon mutum, wannan aikin wuyan na hannu ne ko na inji. Amsa tambaya ba ɗaya take da tsara jawabi ba, kullum ai ita kake yi da kwastoma a shago. Ka sa ƙanwar taka ta fara jefo tambayoyin farko har bakinka ya saki.

Sai maganar minti 6. Ƙanena, ko mai ƙosai ba ta tashi daga kasko bayan minti 6. Mutane ba sa shigowa lokaci ɗaya, wani sai ka yi nisa zai ga kana kai. Ka daure ka kai rabin awa ko da mutum biyu ne. Kuma akwai 'yar tazara tsakanin maganarka da isarta wurinsu, don haka in ka yi tambaya ka ji shiru, ci gaba da yankanka, amsa na tafe. Ni Talata da Juma'a nake hawa, ƙarfe 8:30 na dare, lokacin mata sun gama da kwanuka sun ɗauki waya. Watana na farko ban taɓa wuce mutum 12 ba. Abin da ya taimake ni shi ne ban taɓa sauya rana ko lokaci ba, har aka haddace.

Batun kuɗi kuwa, ni ban taɓa sayen ko gishiri da kyautar masu kallo ba. Ciniki ne ke ciyar da ni. Kowane turmi ina maƙala masa takarda mai lamba, wadda ta fara rubuta lambar ita ke da shi, mu ƙarasa magana a WhatsApp, washegari in kai tasha a tafi da shi Azare, Misau, Jos ko can Gombe wurinku. Amma ka kiyaye: kada ka yarda da hoton rasit. Wata ta taɓa turo min hoto mai kyau tsaf, na ba direba turmi biyu, kuɗin har yau ba su iso ba. Tun daga ranar sai na buɗe asusuna na gani da idona. Kai ma ka karɓi kafin alƙalami kafin almakashinka ya taɓa yadin kowa.

Ɗan Gwallameji ya amsa:

Oga tela, Anti ta gama magana, ni dai bari in warware maka labarin zakin nan. Akwai zakin da gaske, yana cikin manyan kyaututtukan TikTok, koyin 29,999 ake sayensa, ita kuma fure koyin 1 ce. Mai kallo ne ke sa kuɗinsa ya sayi koyin, ya jefa maka, kamfani ya cire kasonsa mai tsoka, ragowar ne naka. To ka tambayi yaronka, a duk Gombe wa ya sani da zai jefa wa mai yanka kaftani zaki? Waɗanda ake jefa wa galibi masu gasa ne, a haɗa mutum biyu a allo kowa na ihu magoya bayansa su tura. Wannan kuma ka ce ba layinka ba ne. Ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi.

Kafin ma a buɗe maka layif a TikTok, galibi sai mabiyanka sun kai 1,000, kuma sai ɗan shekara 18 zuwa sama. Facebook ya fi sauƙi, asusu ya yi kwana 60, shafi ya samu mabiya 100. Nasu kyautar taurari ce, kowace ɗaya santi 1 na dala, wato sai an jefa maka 100 ka haɗa dala guda. YouTube na barinka ka hau da waya in kana da masu bi 50, amma kuɗin talla sai ka haɗa 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Tunda kwastomominka magidanta ne, ina ganin ka tsaya a Facebook ɗinka tukuna.

Abu biyu da ba a gaya wa sabon shiga. Tun watan Fabrairun 2025 Facebook ke goge bidiyon layif bayan kwana 30, don haka ka sauke naka, ka yanko wurin da ya fi kyau, kamar inda kake haɗa wuya, ka sake ɗorawa a matsayin gajeren bidiyo. Wannan ne ke yawo yana jawo baƙi. Na biyu data. Ka san a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. A wayata awa ɗaya na layif na lashe kusan giga guda, sai ka sa shi a lissafi kamar kuɗin zare. Ka gwada sabis a daidai inda teburin yake kafin ka hau, ka cika fawa banki, ka tanadi fitila mai caji don kar a ɗauke wuta a bar ka kana yanka shaddar mutane a duhu.

Kawun Jekadafari ya amsa:

Ɗana, ni ban san koyin ba, ban san zaki ba, amma na fi shekara 40 ina kai ɗinki wurin teloli, don haka ina da ta cewa. I'ina ba abin kunya ba ce. Annabi Musa (AS) ma ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshe, addu'ar na nan a Suratu Ɗaha, ka riƙa karanta ta kafin ka danna.

Tsorona ba bakinka ba ne, alkawarinka ne. Ku teloli "gobe in Allah Ya yarda" ɗinku na iya kai mako uku. A shago mutum ɗaya ne zai zo ya yi maka faɗa ya tafi. A can kuwa gaban kowa zai rubuta, har surukin naka ya karanta. Kar ka karɓi abin da kekenka ba zai iya ba. Sannan kar ka nuna kayan mutum sai da izininsa. Wani ango ne, ba ya son a ga shaddarsa kafin ranar ɗaurin aure. Wani kuma bashi ake bin sa, ka haska gezna ka ambaci sunansa, ka ga ka haɗa shi da masu bin sa.

Telan Bolari ya dawo:

Allah Ya saka da alheri gaba ɗaya. Kawu, ka taɓo mu, amma gaskiya ce, na karɓa. Yau mako uku ke nan, na hau sau 6, Litinin da Alhamis bayan isha'i. Na ɗaure wayar a jikin sanda (da ƙyallen yadi, kar ku yi dariya) tana kallon tebur kamar yadda Anti ta ce. Yadina na saya na yanka don kar in taɓa na kowa. Ranar farko minti 10 ban ce uffan ba sai ƙarar almakashi, sai wani ya tambaya me ya sa aljihun wasu kaftanai ke buɗe baki in an zauna. Ban san lokacin da na yi minti 20 ina bayani ba. Na yi i'ina, an ji, wani ma ya kwaikwaye ni a rubuce, yarona ya toshe shi muka ci gaba.

Mafi yawan da na samu mutum 23 ne. Ba zaki, ba fure, ko tauraro ɗaya ban gani ba. Amma wani malamin makaranta daga Kumo ya kawo kala biyu, wani kuma a Yola ya turo kafin alƙalami, na gan shi a asusuna kafin na amsa masa. Matsalata yanzu awo. Na Yolan ya ce zai auna kansa ya turo, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Anti, ya ake yi da na nesa?

Mai Atamfar Wunti ta amsa:

Barka ƙanena, Allah Ya ƙara buɗi. Kar ka bari ya auna kansa, kafaɗa zai ɓata maka. Ko dai ya je wurin telan unguwarsu a auna shi a rubuta, ko ya sa tsohon kaftaninsa da ya fi zauna masa a leda ya ba direba, ka ɗauki awo a jikinsa, ka mayar masa tare da sabon. Ka ce ya rubuta lambar wayarka a jikin ledar, kuma ya turo maka ta direban.