Taƙaitawa: wa ke da iko da me tsakanin tarayya da jiha

To jama'a, zancen da muka yi kan rabon iko tsakanin tarayya da jihohi a Nijeriya ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a fara duba kundin tsarin mulki na 1999 kafin a hau zagin gwamna ko shugaban ƙasa. A asalin kundin, abubuwa 68 na tarayya ne ita kaɗai, irin su soja, kwastan, fasfo, buga kuɗi da ma'adinai.

2. Akwai na haɗaka, kamar jami'o'i, amma in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya to ta tarayya ce ke tsayawa. Abin da ba a lissafa ba kuma na jiha ne.

3. An tunatar da mu gyaran 2023 da ya ba jihohi dama kan lantarki, jirgin ƙasa da gidan yari, don haka a rinƙa tambayar gwamnoni me suka yi.

4. Kan 'yan sandan jiha aka rabu sosai, wasu na ganin ɗan gari ya fi sanin dajinsa, wasu na tsoron gwamnoni su mayar da su sandan dukan 'yan adawa, kuma wallahi tsoron nan ni ma ina jinsa.

5. Rabon kuɗi ma ba a daidaita ba, tarayya na ɗaukar sama da rabi, masu cewa a ƙara wa jihohi sun fi yawa, sauran sun ce jihohin su fara sakin kuɗin ƙananan hukumomi tukuna.