Masu saye suna shiga shafina ta waya, amma ba sa kaiwa ga biya

Mai atamfa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Atamfa da leshi da shadda nake sayarwa, daga Kantin Kwari nake saro kaya, kuma na sa an haɗa min shafi da WooCommerce, wato tsarin buɗe shago a intanet, saboda kwastomomin nesa. A kwamfutar wanda ya haɗa shi komai tsaf yake. To amma kusan duk masu sayena da waya suke shiga, kuma ƙorafinsu ɗaya ne: hoto ba ya buɗewa da wuri, rubutu ƙanana, in za su zaɓi kala yatsa ya taɓo wata. Wata baiwar Allah daga Jos ta zaɓi turmi uku, ta kai wajen biya ta gaji, ta biyo ni WhatsApp. Ita na gani. Waɗanda suka rufe shafin suka tafi shiru fa? Sai na sa an yi min manhaja ne, ko wannan ɗin zai gyaru?

Mai haɗa shafuka, Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kashe kuɗi a manhaja. Wadda wayarta ke kukan ba wuri ba za ta sauke manhajar shago guda don turmi biyu ba. Shafin zai gyaru. Ki fara da hotuna, don galibi nan nauyin yake: hoton da kyamarar waya ta ɗauka yakan kai megabait da yawa, in kin jera ashirin a fuska ɗaya datar mai saye ce za ta ji a jikinta. A rage faɗinsu zuwa kamar fiksel 1000, a mayar da su WebP, wato nau'in hoto marar nauyi, a kuma saita su ta yadda na ƙasa ba za su buɗe ba sai an gangaro wajensu. Sannan ki sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Gwajin gaskiya kuwa, ki ari ƙaramar itel ko Tecno, ki kashe Wi-Fi, ki sayi kaya a shagonki da kanki tun daga zaɓe har biya.

Maman yara, Zariya: Ni mai saye ce, ba na san harkar kwamfuta ba, amma bari in faɗa miki abin da ke kora ta. Ina shiga sai talla ta rufe fuska, alamar rufewar kuma kamar ƙwayar gero. In na tsallake wannan, a ce sai na buɗe asusu da imel da kalmar sirri. Yar'uwa, goyo a baya, hannu ɗaya a tukunya, wa ke da wannan lokacin? Abin da ya fi ci min rai shi ne gurbin lambar gidan waya da ake tilasta cikewa. Mu da kwatance muke, bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, ko a sa a mota a karɓa a tasha. Ki bar suna, lambar waya, gari da kwatance. Shi ke nan.

Mai takalma, Sabon Gari: Hajiya ni dai ban ga amfanin wahalar ba. WhatsApp Business yana da wajen jera kaya da farashi, mutanenmu kuma sun fi son su yi ciniki da mutum, a yi tayi a yi albarka.

Mai haɗa shafuka, Kaduna: Alhaji, gaskiyarka a kan ciniki, amma WhatsApp wanda ya riga ya sami lambarta kawai yake kawowa. Wadda ta rubuta "leshi Kano" a Google shafi za ta tarar, kuma Google ɗin fuskar waya ta shafi yake dubawa wajen jera sakamako, ba ta kwamfuta ba. A haɗa biyun: ƙarƙashin kowane kaya a sa maɓallin WhatsApp da zai buɗe hira da sunan kayan a rubuce. Maganar Maman yara kuma duk tana gyaruwa, WooCommerce yana da zaɓin saye ba tare da buɗe asusu ba, kunnawa kawai ake yi. Maɓallan kala su kai fiksel 48 da 'yar tazara tsakani, rubutu kada ya gaza 16, gurbin lambar waya kuma ya fito da allon lambobi kai tsaye.

Ɗalibi mai sayar da turare: Anti, ki duba wajen biya da kyau. Mai saye yakan fita shafin ya kwafo lambar da banki ya turo, in wayar ba ta da ƙarfi kafin ya dawo shafin ya sake buɗewa, kayan da ya zaɓa sun ɓace. A tabbatar suna nan ko an fita an dawo. Kuma kada ki tsaya a kati kaɗai, kamfanonin karɓar biya ta intanet irin su Paystack da Flutterwave duk suna karɓar tiransifa da USSD. Tablet ba ta cika ba da matsala ba, sai dai a gwada ta a tsaye da a kwance, kuma jerin zaɓi da sai an ɗora linzamin kwamfuta yake buɗewa ba ya aiki da yatsa.

Mai atamfa: Allah ya saka da alheri, na tura wa mai shafin duk abin da kuka faɗa. Tsorona ɗaya: leshi don dutsensa da saƙarsa ake sayensa, in an rage hoton ba zai dushe ba?

Mai haɗa shafuka, Kaduna: Ba zai dushe ba Hajiya. Ƙaramin hoto a jeri, babba kuma sai an taɓa ya buɗe, a bar mai saye ta ja shi da yatsu biyu. Ki ƙara hoto ɗaya da aka ɗauka daf da yadin a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar shago ba, don fitila takan sauya kala.