Neman shawara: in ajiye albashi in kama aikin kaina?

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni mutumin Tawa ne, amma shekarata bakwai ina aikin kula da na'urorin sadarwa a wani kamfani nan Yamai. A 2024 na samu tallafi na je taron ICANN (ƙungiyar da ke kula da sunaye da adireshin intanet na duniya) na Kigali, kuma tun da na dawo abin ya tsaya mini a rai. Na ga mutanen da ba su da ubangida, aikinsu ba gwamnatoci da ƙungiyoyi shawara kan yadda ake tafiyar da intanet: sunayen shafuka, rabon lambobin IP (adireshin na'urori a intanet), kare bayanan jama'a. Ina so in ajiye aiki in bi sahunsu. Ƴaƴana uku, gidan haya nake a Lazare. Uwargida ta ce in tambayi waɗanda suka riga ni. Don Allah a faɗa mini gaskiya.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. A Kigali wa ya biya ka? Jirgi da masauki da ɗan guzuri aka ɗaukar maka, ba ladan aiki ba. ICANN na zama sau uku a shekara, taron IGF na Majalisar Ɗinkin Duniya kan tafiyar da intanet sau ɗaya tun na Atina a 2006. In ka bi su duka, fasfo zai cika da hatimi, tukunya kuwa ba ta hau murhu ba. Yawancin masu magana a kwamitocin nan ko dai sa kai suke yi, ko kuma akwai ma'aikatar da ke biyansu a gida.

Hajiya ta Yantala:
Ɗan uwa, ni na yi abin da kake shirin yi, bari in ba ka labarin ciki. Rajista ba ta da wuya, ka yanki lambar NIF ta masu biyan haraji, ka san lampo na jiranka. Wuyar tana wajen jiran kuɗi. Kwantaragina na farko, rahoto na rubuta wa wata ƙungiya, suka yaba, sannan na yi wata bakwai ina bin bashina. Adashin da na zuba don kuɗin makarantar yara shi muka ci. Akwai daren da aka sa taro ƙarfe biyu saboda mutanen Asiya, cikin zafin Afrilu, ina fara magana wuta ta ɗauke. A tsakar gida na ƙarasa da wayar hannu, sauro na shagalinsa a ƙafata. Kuɗin farko da suka shigo, batir da farantin hasken rana na saya.

Sai Ingilishi. A babban zaure ana fassara zuwa Faransanci, amma takardun da ake jayayya a kansu da Ingilishi ake rubuta su. In naka na "gud monin" ne, fara daga nan.

Mai Karatun Shari'a:
Yaya, ba wanda zai ɗauke ka don ka yi masa bayanin ICANN, masu wannan sun yi yawa. Jarinka Nijar ce. Ka san dokar kare bayanan mutane ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2017, da ta laifukan intanet ta 2019 kamar tafin hannunka? Ka san inda ikon ARCEP, hukumar kula da sadarwa, ya tsaya, na HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, ya fara? Za ka iya bayyana wa baƙo yadda ake yankar sunan shafi mai ƙarewa da .ne na Nijar, ko abin da ya sami ƴan kasuwa lokacin da aka yanke intanet ta salula kusan kwana goma bayan zaɓen 2021? Mai neman amsar waɗannan shi ke da kuɗin biya. Ka kuma kula da hannun da ke ba ka: in yau kamfanin waya ya biya ka, gobe masu kare haƙƙin jama'a, za a tambaye ka bakin wa kake ari. Rikicin AFRINIC, ƙungiyar da ke raba lambobin IP a Afirka, wanda ya kai har kotun Moris ta naɗa mata mai riƙo a 2023, ya sa kowa na duba wannan.

Autan Boko:
Kai, kun cika tsoratarwa! Ku da kuka shiga ai ba ku mutu ba. Yaya, ka nemi gurbin AfriSIG, makarantar koyon tafiyar da intanet da ake yi wa ƴan Afirka tun 2013, can ake sanin mutane.

Tsohon Injiniya:
Auta, kai abincin gidanku kake ci. Ya nemi AfriSIG ɗin, ban hana ba, amma da albashinsa a aljihu. Tun 2023 masu ba da tallafi da dama sun ja baya, kuma mun fita CEDEAO a Janairun 2025, ayyukan yanki ba kamar da ba. Ya samu kwantaragi biyu a rubuce da cefanen wata shida a ajiye, sannan ya kai takardar barin aiki.

Ɗan Ader:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Takardar na riga na rubuta ta, amma za ta zauna cikin durowa. Zan fara da karanta dokar 2022, don gaskiya ban taɓa kai ƙarshenta ba. Hajiya, nawa kike caji a kwana?

Hajiya ta Yantala:
Wannan ba a gaban Auta ba. Kira ni bayan Isha'i.