Kullum sai an rufe ƙofa muke jin labari

Abban Khairat: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu bakwai ne a nan Katsina muke bibiyar aikin Hausa a CLDR, rumbun Unicode, ƙungiyar da ke tsara haruffan kwamfuta, inda waya ke ɗauko sunayen watanni da ranaku da tsarin kwanan wata. Bana ma sai da aka rufe karɓar gyara muka farga. Ba ɓoye sanarwar lokacin karɓar gyaran ake yi ba, a warwatse take, ta Unicode daban, ta W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, daban, mu kuma ba mai leƙawa. Mu biya a haɗa mana manhajar da za ta riƙa kwaso ta tana jefawa a Telegram, ko mu ɗora wa mutum ɗaya ya riƙa dubawa duk Juma'a yana fassara mana?

Na Ƙofar Sauri: Ku buɗe zauren WhatsApp kawai.

Abban Khairat: Muna da shi, Malam. Mai kawo labarin muke nema.

Baban Daura: Ɗana, kada ka yarda da batun mutum ɗaya. Mun gwada. Wata uku na yi ina ɗaukar hoton takardun ajamin kakana, ina fito da su daga gafaka ɗaya bayan ɗaya, wasu gara ta ci gefensu, don mu nuna yadda malamanmu ke ɗiga ɗigo uku a kan harafi. Wanda muka naɗa ya riƙa duba mana lokaci ya sami aiki a Abuja, bai ce wa kowa uffan ba. Da Unicode 13.0, sabon jerin haruffan Unicode, ta fito a Maris 2020 da ƙarin haruffan ajamin Hausa, a bakin wani ɗalibi na ji. Na yi murna, wallahi, amma har yau hotunan suna cikin kwamfutata, ba wanda ya gani. Abin yana ci mini rai.

Maman Sadiq: Allah ya ba da lada, Baba. Manhajar kuwa ƙanena ya ce dubu talatin zai karɓa.

Injiniya U.: Talatin? Ni dubu ɗari da hamsin aka ce mini, ban da kuɗin kula da ita duk wata.

Ɗan Ƙofar Marusa: Kyauta ce in akwai RSS, hanyar da shafi ke turo sababbin sanarwarsa kai tsaye, awa biyu sun isa. Amma ku sani, kiran ƙarshe na neman gyara da IETF, ƙungiyar tsara ƙa'idojin intanet, ke yi mako biyu ne ga takardar da ta fito daga kwamitin aiki. Duban Juma'a ya kuskure sau ɗaya, rabin lokacin ya tafi.

Injiniya U.: Ka taɓa tura gyara ko ɗaya? A bar waɗanda suka yi su yi magana.

Ɗan Ƙofar Marusa: Yaya, sanin hanya ai ba sai da furfura ba.

Na Ƙofar Sauri: A ba ni aikin, ladana kwanon fura duk Juma'a.

Maman Sadiq: Ni abin da ke damuna ma shi ne masu buga kati. Na kai katin bikin 'yata, duk inda ƙ da ɗ suke sai ga akwati ya fito. Da na yi magana suka cire lanƙwasar gaba ɗaya, "ɗaurin aure" ya koma "daurin aure", kuma aka buga ɗari uku.

Baban Daura: Je ki Maraɗi ki ga ƴ a allon makaranta, mu nan muna rubuta 'y. Wa zai tsaya mana a kan wannan?

Abban Khairat: To Baba, manhajar fa?

Maman Sadiq: Kuma masu buga katin ko sisi ba su mayar mini ba.